Layin Toka a Ƙofar Inna Laure

A azumin shekarar 2020, ana tsakiyar annoba, na tafka wautar da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na ɗebi toka a murhun Umma, na ja layi a ƙofar ɗakin kakata, na ce daga yau ba mai tsallakawa. Ina aji biyar a firamare lokacin, amma yadda na tsuke fuska sai ka rantse ni ne kwamishinan lafiya na garinmu Balan da kewaye.

Ba ni na ƙirƙiro abin ba. Ana gab da fara azumi wata mota mai lasifika ta tsaya a ƙarƙashin darbejiyar bakin masallaci, wani ɗan siyasar yankinmu da kowa ke kira Honarabul ya fito da takunkumi har kusan gira. "Ba don kanmu muka rufe makarantu da kasuwanni ba," in ji shi, "don tsofaffinku ne. Yaro zai ɗauko cutar bai sani ba, ya kai wa kakarsa. Mako biyu kacal muke roƙo." Manya suka saurara, suka koma sharar gona. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji daram, domin duk garin ba yaron da ke manne da tsohuwa kamar ni.

Inna Laure mahaifiyar Baba ce. A ɗakinta aka yaye ni, kuma ban fita ba. Tana kirana Maigida, ina kiranta amarya mai haƙori ɗaya da rabi. Tare muke ɓarar gyadar iri, tana cika ƙwarya ina cika ciki, in ta kama ni ta ce ta auri ɓera. Ƙuli-ƙulin da take aikawa kasuwar Ajingi bai taɓa isa can da yawansa ba. Amma babbar dokarta ita ce ta kwano: ko ɗumame ne, ko ƙanzo da man gyada, ba ta sa hannu sai na fara kai loma. "Mace ba ta riga mijinta," haka take cewa, ko da mijin yana can yana langa da majina a hanci.

To, wannan mijin ne ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure. Na yanka tsohon ɗankwalin Umma na yi takunkumi. Na riƙa wanke hannu har sai da ta ɓoye sabulu a cikin buhun gero. Akuyar da ta yi atishawa kusa da layin ma sai da na kore ta har bayan gari.

Da farko Inna ta ɗauka wasa ne. In an sha ruwa sai ta turo kwanon ƙosai bakin tokar, ta zauna ta ɗaya gefen. "Maigida, saki ne ko yaji? In saki ne ka faɗa mini, ga mai shayin bakin titi can kullum yana kallona."

"Gwamnati ce ta ce."

"Gwamnatin ce ta goya ka?"

Na ƙi dariya, na ci nawa daga nesa, ina ganin ceton ranta nake yi. Umma ta ce mini kwanon Inna yana dawowa kusan yadda ya tafi. Na ce ta yi haƙuri, saura kaɗan. Mako biyun nan kuwa sai haihuwa yake kamar zomo.

Ana cikin goman ƙarshe zazzaɓi ya kwantar da ita. Babu motar Kano, an rufe hanya. Baba ya samo magani a kemis, ba wanda ya zo ya gwada ta. Wata la'asar ta ɗaga labule da ƙyar ta ce, "Maigida, zo ka taɓa goshin amaryarka ka ji." Na zo har bakin layin, yatsun ƙafata suna taɓa toka. Na tuna muryar lasifika, na tsaya. Ta dube ni, ta saki labulen. Washegari ta rasu. Mutane kaɗan ne suka kai ta, aka ce ba zaman makoki, doka ta hana taro.

Bayan salla, da aka ɗan sassauta, Baba ya goya ni a babur muka je Gaya sayen taki. A hanya muka tarar da rumfuna sun cinye rabin titi, motoci kamar an zubo su daga sama. Surukin Honarabul ne ya rasu. Ga shi nan a tsakiya, fuska fayau, yana rungumar dattawan da suka girmi Inna, yana cusa hannu a faranti ɗaya da su. Na ce, "Baba, su ba su da tsofaffi ne?" Ya ce, "Riƙe ni da kyau."

Da shekara ta zagayo aka fara cewa ma'aikaci sai da katin rigakafi. Baba malamin firamare ne, ya bi layi aka yi masa, hannunsa ya ɗan yi tsami, shi ke nan. A rediyo na sake jin maganar nan, ko wasali ba a canza ba: don tsofaffinku. Na tashi na bar wajen. Ban ce cutar ƙarya ba ce, wataƙila ma ita ta ɗauke Inna, ba wanda ya sani. Abin da ke ci mini rai shi ne, mai dokar bai yarda da ita kamar yadda na yarda ba.

Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare, ɗakin Inna ya zama ma'ajiyar gyada, abinci kuwa in ka yi latti sai dai ka lashi murfi, ba mai jiran ka. Ruwan farko na damunar shekarar da ta rasu ya wanke tokar tas. Ni dai ban tsallaka ba, kuma ban sake cin abinci a kwanonta ba.