Ramin da Ke Kan Baba

Jiya jikata ta shafa tabon ƙunar da ke wuyan hannuna ta ce, "Kaka, wa ya yi miki wannan?" Na ce wuta ce. Ban ce mata mahaifina ba ne.

Kafin aikin madatsar ruwa ya iso gonarmu ta wajen Maradun, Baba ba ya kurɓar kunu sai ya fifita ya fara ba ni. Ranar da ya tsaya gaban motar da ta zo baje gonar, wani mai kaki ya sauke masa kulki a ka. A asibitin Sakkwato likita ya ce jini ya kwanta a ƙwaƙwalwarsa, aka huda ƙoƙon kan aka zuƙe. Ya dawo da rami bayan kunne, fatar wurin tana motsi kamar maɗigar jinjiri.

Ina da cikin fari na kai masa kunun tsamiya, yana tururi. Ya daɗe yana kallona.

"Ke ɗiyar wa ce?"

"Baba, ni ce."

"Ƙarya kike! Ku kunka cinye min gona."

Ya damƙe ni ya juye min kunun a wuyan hannu, a hankali, yana dariya. Shekara shida muka yi haka, bai sake kiran sunana ba har ya rasu.

Allah ka gafarta masa, ka tashe shi da hankalinsa. Mai kulkin kuwa, ban yafe ba.