Ranar da Ba a Kira Kawu Ya Dawo Ba

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar kawuna, Alhaji Sani na unguwar Barbès a Paris, ƙanen mahaifiyata. Amma in na tuna shi, ba jana'izarsa nake fara gani ba. Wata Litinin nake gani, ƙarfe huɗu na yamma, a ofishin wani ƙaramin kulob na ƙwallon ƙafa a gefen Lyon, a tsakiyar shekarun casa'in. Mu huɗu ne a ɗakin: daraktan kulob, mai horar da mu, Kawu, da ni. An taru ne don a tsawaita kwantiragina.

Zan faɗi abin bi da bi, domin masu ba da labarin nan a majalisa sun saba tsallake rabinsa.

Da farko, ni ɗan baya ne, mai tsaron tsakiya. Kwantiragina zai ƙare da ƙarewar kakar wasa, takardar zamana a Faransa kuwa a jikinsa take rataye. In ya ƙare, ta ƙare. Kawu shi ne ubana a ƙasar nan. Mutumin Maraɗi ne, shadda da atamfa yake sayarwa a wani ɗan shago kusa da gadar metiro, jirgin ƙasan cikin birnin Paris. Bai san ƙwallo ba. Sau ɗaya ya taɓa zuwa kallona, kuma da aka tashi bai tambayi wa ya ci ba.

Cewa ya yi, "Habu, in ka karye yau, wa za su sa a gurbinka?"

Na ce mu uku ne a tsakiya. Ɗaya ya tsufa, sai an yi wa gwiwarsa allura yake shiga fili. Ɗayan kuma tsoron sa kai a ƙwallo yake yi.

Ya gyara hularsa ya ce, "Ashe kai kaɗai ke da kaya a kasuwar."

Sai ranar Litinin ɗin. Darakta ya turo takarda: ƙarin shekara ɗaya, sharuɗɗa yadda suke. Da na ga alƙalami hannuna ya yi ƙaiƙayi, amma a gidanmu ɗa ba ya buɗe baki inda kawunsa ke magana a kansa. Ban buɗe ba, kuma ko yau aka maimaita ba zan buɗe ba. Kawu ya tura takardar baya da yatsa biyu, ya ce, "Albarka," kamar yadda kowane mai kaya ke amsa tayin farko. Sannan da faransancinsa na kasuwa ya ce shekara uku muke so. Darakta ya ce wannan ne tayinsu, babu wani bayansa. Kawu ya yi murmushi, domin duk mai saye haka yake cewa. Ya miƙe, ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya ce mini, "Tashi mu tafi. A hankali. Kada ka waiwaya."

Wanda ya taɓa kai rago kasuwa ya san wannan tafiyar. Ka ja igiya ka yi gaba, mai saye in da gaske yake ya ce dawo mu gyara. A bakin ƙofa Kawu ya duƙa yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. A kan matakala ya tsaya neman carbin da ke hannunsa. Ba wanda ya kira mu.

"Gobe waya za ta yi ƙara," in ji shi a tashar jirgin ƙasa. "Bature ma yana da kunya, ba zai sauko a gaban ɗana ba."

Abin da bai sani ba, ni ma ban gane nauyinsa ba a lokacin, shi ne doka ta sauya a wannan ɗan tsakanin. Ɗan wasan da ya fito daga wata ƙasar Turai an daina lissafa shi baƙo, kulob na iya ɗauko irinsu ko nawa yake so. Kawu ya ƙirga rumfunan kasuwarmu daidai, bai san an rushe katangar kasuwar ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ya koma Paris ya zauna kusa da wayar shagonsa. Ni ina ɗakina a unguwar Minguettes, can gefen Lyon, kullum da safe in kira shi, mu gajarta gaisuwa, ya ce, "Haƙuri. Mai kaya ba ya bin mai saye." Da shirun ya yi yawa, sai ya yi abin da masu majalisa ba sa faɗa. Ya rufe shago ranar Asabar, ranar da ciniki ya fi, ya hau jirgi zuwa Lyon shi kaɗai bai gaya mini ba. Mai horar da mu ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce dattijon ya wuni a zaune a kan benci a farfajiyar ofis, cikin babbar riga. Da darakta ya fito, Kawu ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce shekara ɗayan ma sun karɓa, in kuma akwai laifi nasa ne, ba na yaron ba. Darakta ya gaisa da shi cikin ladabi, ya ce sun riga sun ɗauko wani daga ƙasar maƙwabta.

Ban taɓa ganin kan Kawu ba hula ba sai ranar da muka yi masa wanka.

Bayan nan takardata ta mutu. Na koma Montreuil, a gefen Paris, na raɓa a ɗakin wasu 'yan'uwa a gidan ma'aikata, ina dakon dilar shadda a shagon Kawu, ina sauya hanya in na hango ɗan sanda a bakin metiro. Ya zaga da ni ƙananan kulob-kulob na kewayen Paris, amma wa zai ɗauki wanda ba shi da takarda? A shagon na lura da wani abu da har yau yake damuna. In ina wurin, Kawu ba ya ƙara cewa albarka. Mace za ta taya atamfa tayin wasa, tana jiran ya ja, sai ya naɗe ya miƙa mata. Maƙwabtansa suka gane, masu saye ma suka gane. Shagon ya fara ramewa tare da mai shi.

Kafin kakar ta yi nisa, wanda aka ɗauko a gurbina ya ji rauni, gwiwar tsohon nan ta ƙarasa, tsaron bayan kulob ɗin ya zama ƙofar da ba ƙyaure. A ƙarshe suka faɗa rukunin ƙasa. Na kawo wa Kawu labarin da sauri, ina zaton zai ji sanyi, tunda lissafinsa ne ya fito.

Ya dube ni ya ce, "To, ya ba ka takarda?"

Hawan jini ya ɗauke shi kafin ƙarshen shekarun casa'in. Takardata ta fito bayan rasuwarsa, ta hanyar aikin gadi. Bai gan ta ba.

A makon nan na ji a rediyo wani babban kulob ya tsawaita kwantiragin ɗan bayansa, wai don ba su da mai maye gurbinsa. Masu sharhi suna yaba wakilin ɗan wasan, yadda ya ƙi tayin farko, ya tashi daga tebur, aka bi shi da roƙo. Na kashe rediyon. Me Kawu zai ce da ya ga an mai da tafiyarsa ta ranar Litinin sana'a, har da ofis da kwat? Ina jin ba zai yi alfahari ba. Tambaya zai yi ko wakilin nan kawun yaron ne, kuma in ciniki ya watse, shi ne zai cire hula, ko wani yaron zai nema. In kiɗa ya sauya rawa kan sauya, na yarda. Amma ban ga wanda ya gaji ranar Asabar ɗin ba.

Ban ce bai yi kuskure ba. Ya yi, kuma ƙafafuna ne suka biya. Shekarun da ya kamata in yi a fili, a ƙarƙashin dila na yi su, kuma wasu ranakun har yanzu abin na ci mini rai. Sai dai bai ƙi tayin nan don kwaɗayi ba. Ƙanƙanta ne a wurinsa a sallama ɗan 'yar'uwarsa a tayin farko, kamar kayan da ake neman kai da su.

Har yau a Barbès, in ciniki ya kuɓuce wa mutum, sai a ce ya yi tafiyar Alhaji Sani, a kwashe da dariya. Samarin da ba su taɓa ganinsa ba ma suna faɗa. Roƙona ga wanda ya karanta wannan shi ne: in an kawo labarin a gabanka, kada ka bari a tsaya a kan matakala. Ka ce a ƙarasa shi har zuwa benci da hula a hannu. In ba za a ƙarasa ba, a bar sunan kawuna, a yi masa fatiha.