Kawu Modu da Hantar Kifi

Duk wanda ya san Kawu Modu ya san ba a ajiye masa kifi ya ci shiru. Sai ya ɗaga shi ta wutsiya ya ce, "Wannan ɗan wane tafki ne?"

Ran sunan 'yata a Gashuwa na ce, "Haba Kawu, tarwaɗa ma sai an bi asalinta?"

"Ke da za a aurar da ke ba a yi bincike ba? Wannan cikina za ta tare!"

Tun da ya bar aikin ɗakin gwaje-gwaje ya koma bin masunta a Nguru. Ba ya sayen kifi, hanta kawai yake roƙa, ya zuba a kwalba ya rubuta sunan tafkin, ya aika Kano a auna gubar da ta taru a ciki. Don tsabar maƙo ya ƙi sayen firiji, ya cika na matarsa, Inna Falmata. Rannan ta juye kwalabe shida ta soye da albasa. Ya cinye tas, har da santi, sannan ya buɗe firiji. Salati!

"Falmata, aikin wata uku na ci?"

"Ai ka ce ya yi daɗi, Malam."

Namu rikicin ba na dariya ba ne. Maigidana Habu yana kamun kifi a wani tafki da manoma ke wanke tankin feshin maganin ƙwari, kuma kifinsa yarana ke ci kullum. Da sakamakon gwajin kifin tafkin ya dawo daga Kano ya nuna guba, Kawu ya je ya zauna daram cikin kwalekwalen Habu.

"Ƙaramin kifi ya sha maganin, babba ya haɗiye ƙarami, jikokina su cinye babba. Ba inda za ka!"

Habu ya ce, "Kawu, abincinmu ne fa!"

"To tuƙa da ni."

Kwana huɗu yana zuwa da butarsa da tabarma. Dole Habu ya koma wani ruwa mai nisa. Muka sha wuya, wallahi har ni na ji haushinsa. Shekara guda Habu bai gaishe shi ba.

Bayan nan aka riƙa tsintar matattun tsuntsaye a bakin tafkin, mai unguwa ya hana kamun kifi a can. Yarana kuwa ga su, lafiya ƙalau. Ran da Kawu ya rasu, Habu ne ya shiga kabari ya karɓe shi, yana kuka kamar yaro.

Allah Ya jiƙanka Kawu, Ya shayar da kai ruwan Alkausara. Mun gode.