Ardith Kovanda da Eka Tamanin na Ciyawa

Haihuwa da Karatu

An haifi Ardith a shekarar 1936 a ƙauyen Tabor Creek da ke jihar Nebraska, mahaifinta Anton Pospisil, mahaifiyarta Blanche, dukansu manoman masara. Ta gama sakandare a 1954, inda aka fi saninta da iya lissafi da rashin son magana.

Aure

A 1957 aka ɗaura mata aure da Lumir Kovanda, wanda ya shahara a shagon shan kofi na gari da alfaharin cewa bai taɓa karɓar ko sisin tallafin gwamnati ba, kuma ba zai karɓa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Shekarun Wahala

A 1986 farashin masara ya faɗi warwas, banki ya shiga gwanjon gonakin maƙwabta, tasu ma saura ƙiris. A lokacin ne gwamnati ta fito da shirin biyan manomi ya bar gona ta huta, ya shuka ciyawa, kuma kada ya yanka sai tsuntsaye sun gama ƙyanƙyasa. Ardith ta je ofishin gona na gunduma ita kaɗai, ta sa eka tamanin da ta gada wajen mahaifinta a cikin shirin. Ta ce wa Lumir ƙasar ce ta gaji. Da kuɗin nan ta riƙa rufe bakin banki kowace kaka.

Ranar da Aka Buga Sunaye

A 2001 jaridar gunduma ta buga sunan duk wanda ya karɓi tallafi, har da na Ardith. Da safe a shagon kofi, abokin Lumir, Orval Dusek, ya shimfiɗa masa ita a tebur.

"Kai Lumir, ashe a gidanka ciyawa ma albashi take ɗauka?"

"Karanta da kyau, tsoho, in idon na gani. Sunana ka gani?"

"To wa ke biya maka kuɗin kofi?"

Wata uku Lumir bai sake leƙa shagon ba. Har yau ana mamakin yadda manomi zai yi shekara goma sha biyar yana wuce irin wannan ciyawa bai gane ba, alhali kowane yaro a gundumar ya san ma'anarta.

Rasuwa

Ardith ta rasu ranar 9 ga Mayu, 2019, tana da shekara tamanin da uku, aka binne ta a maƙabartar cocin Tabor Creek. Da yake takardar shirin ciyawar da sunanta take, dole magaji ya sa hannu ko shirin ya tsaya. Bayan mako biyu aka ga Lumir da sandarsa a ofishin da bai taɓa takawa ba.

"Ba tallafi na zo karɓa ba, yarinya," ya ce wa ma'aikaciyar. "Ciyawar Ardith ce, kuma tsuntsayen ba su gama ƙyanƙyasa ba. Ina zan sa hannu?"

Ardith ta rasu ta bar mijinta, da 'ya'ya uku: Dwayne, Marlys da Leonard, wanda yake noma gonar yanzu, ban da eka tamanin ɗin.