Jatau mai hita ya bar mu da ruwan sanyi

Ranar Talata, sha biyu ga Janairu 1988, ana tsakiyar cin kasuwar Mafara, Allah Ya karɓi ran Malam Hashimu Maradun, wanda duk kwatas ɗin ma'aikatan dam ɗin Bakolori aka fi sani da Jatau mai hita. Zazzaɓi ne ya kayar da shi, bai daɗe a kwance ba. Dukanmu na Allah ne, can kuma za mu tarar da shi. Na san haka, ina ma faɗa wa masu kuka haka, amma ni kaina zuciyata ta ƙi kwanciya.

Jatau, kai manomi ne kafin ruwa ya ci gonarka. Da dam ya cika, fadamar mahaifinka da kabarinsa suka koma ƙarƙashin ruwa, ka zo Mafara kana ɗaukar wa Turawan kamfani kaya. A hannunsu ka koyi gyaran hita, tankin nan da suka kakkafa a makewayin kowane gida na kwatas, mai dafa ruwan wanka da lantarki. Mu da muka gaji gidajen bayan tafiyarsu mun ɗauka abin na har abada ne. Sai mu kunna ta ko da famfo ya ɗauke, ƙarfen da ke ciki ya ƙone, mu aika a kira ka, ka zo kuma mu yi maka faɗan ka makara.

Kai ma ba ka raga mana. Ina tuna ranar da ka sauko daga kekenka, ka ƙwanƙwasa tawa da sufana, ka ce, "Malam Mamuda, kai kak kashe ta da ƙishirwa, kuma kai ka kuka!" Duk ƙarshen damina sai ka bi gida gida kana zuƙe lakar da ruwan dam ke tarawa a cikin hitocin, ja wur, ka ajiye mana bokitin a bakin ƙofa don mu ji kunya. Ka sha gaya mana cewa shekara goma ce rayuwar hita, in an tausaya mata ta ɗan ƙara, amma ranar da gindinta ya fara yoyo ko wanda ya ƙera ta sai dai ya tsaya kallo. Dariya muke yi maka.

Abin da ba a sani ba sosai shi ne hidimarka ga masu jego. Motocin kamfani sun tuge itatuwa tun daga nan har hanyar Bakura don a shimfiɗa gonakin rani, itacen wuta ya zama sai wane da wane. Mace ta haihu, ana son tafasasshen ruwa safe da yamma har ta yi arba'in, ba abin hurawa. Kai ka riƙa roƙon matanmu su buɗe wa matan gari ƙofa su ɗebi ruwan zafi. Da hitocin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kai ke cire kayan matacciya ka sa wa mai sauran numfashi. An nemi sabuwa a Gusau da Sakkwato, babu. Sai ka koma yanke tsofaffin tankunan da tsatsa ba ta cinye ba, ka yi musu ƙafa da murfi, yadda ɗan kara kaɗan zai tafasa ruwan wanka guda. Akwai ɗaya a Damri, akwai ɗaya a Dakko, suna yawo daga gidan haihuwa zuwa gidan haihuwa.

Tawa ce ta ƙarshe da ke aiki a layinmu, ita ma ta fara yoyo ana saura kaɗan matata Barira ta haihu. Ka san abin da nake tsoro. A haihuwarta ta fari itace ya yanke mana, wanka ya katse, ta kumbura har ba ta iya sa takalmi, da ƙyar ta tashi. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta. Ma'aikacin asibiti ya ce ba haka ba ne. Ni ban san mai gaskiya ba, na dai san abin da idona ya gani. Ka duba yoyon, ka girgiza kai, ka ce, "Wagga ta gama nata. Amma akwai tanki guda da nib ɓoye gida, shi za ni yanke ma Barira." Ka yanka, ka yi masa ƙafa, ka tara kara a bayan ɗakinka. Barira ta sauka lafiya. Kafin ka kawo shi sai zazzaɓi ya riga ka.

Ranar da ka rasu ana sanyi mai tsanani. Gidanka ba lantarki, bai taɓa ganin hita ba. Masu wankan gawa suka nemi abin ɗumama ruwa, matarka Hauwa'u ta nuna musu tankin, suka hura karan da ka tara. Nan da nan ya tafasa, ko ɗigo bai zubar ba. Ruwan farko da ya dafa, da shi aka yi maka wanka.

Bayan addu'ar uku na ɗauko shi a amalanke na kai gida. Surukata Adda, wadda ta zo daga Dosara don kula da jegon, ta tare ƙofa. Ta ce abin da ya dafa ruwan gawa ba zai taɓa jikin ɗiyarta da ɗanyen jini ba. Na kawo liman, ya ce mata babu komai a ciki, ƙarfe ne. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa godiya, ta kuma ƙi. Na yi fushi, na yi lallashi, na rasa ta inda zan ɓullo mata. Tankin na nan a jingine a bayan gida, Adda kuwa tana ɗumama ruwa a tukunyar miya, kafin ta cika bahon, ruwan farko ya huce.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hauwa'u da 'ya'yanka Falalu da Taibatu, da 'yan'uwanka da ruwa ya watsa a ƙasar Maradun. Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Jatau, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da Aljanna a kan kowace mace da ta yi wanka da ruwanka. Duk wanda ya ce amin, ina roƙonsa ya haɗa da Barira. Yau da safe na ga ƙafafunta sun fara tasowa, kuma ban san wanda zan aika a kira ba.