Baba Katanga, Mutumin da Ya Tare Ƙofa

Kafin 'yan wasa su gama ɗaure takalma, Baba Katanga ya riga ya jera robobin alama a fili, usur na lilo a wuyansa. Shi ne mataimakin koci mai horar da masu tsaron baya a kulob ɗinmu, tun iyayen 'yan wasan yanzu suna samari.

Atisayensa ba shi da daɗin kallo. Igiya ɗaya yake ɗaura wa 'yan baya huɗu a ƙugu, su matsa gaba tare, su ja baya tare, har abokin hamayya ya faɗa satar gida. "Kai Dogo!" yakan daka wa kyaftin tsawa. "Katin gayyata kake jira? Matso!" Manyan kociyoyi sun zo sun tafi, kowa ya ɗauki hoto da kofi. Shi ko kafaɗarsa ba ta fitowa a hoton.

A wasan ƙarshe na kakar bana, canjaras kaɗai muke nema mu tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni. Dab da hutun rabin lokaci Dogo ya yi karo da wani, kai da kai. A ɗakin sauya kaya Baba ya tambaye shi da wa ake wasa. Dogo ya yi ta kallon bango.

Sai ga shugaban kulob ya faɗo ɗakin. "A zuba masa ruwa ya koma! Kiwonsa nake yi?"

Babban koci ya sunkuyar da kai. Likita ya hau laluben jakarsa. Baba ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yaron nan bai san inda yake ba. In zai fita, sai dai ta kaina."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Na kuma san uwarsa."

Dogo bai koma fili ba. Nan take Baba ya sake tsari: ya janyo ɗan tsakiya ɗaya baya, ya ce 'yan gefe su sauko su toshe. Sun riƙe wuta har wasa ya kusa tashi, sannan ƙwallo ta shiga daga bugun kusurwa. Muka faɗi. A asibiti aka gano jini na taruwa a cikin kan Dogo, aka shiga da shi tiyata a ranar.

Da me aka saka wa Baba? Da ya zo aiki bayan kwana biyu, maigadi ne ya tare shi, yana kawar da fuska: "Baba, ka yi haƙuri, an ce kada na buɗe maka." Babu taro, babu na gode. Waɗanda suka yi gum a ɗakin nan suna kan kujerunsu har yau. Kunya dai ba ta kashe kowa ba!

Baba, kai ne katangar da ba ta taɓa neman tafi ba. Kai ne ka zaɓi ran ɗan mutane, ka bar maki ya tafi. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma masu zama a benci, ranar da aka ce ku mayar da ɗan wani fili yana jiri, ku tashi ku tsaya a ƙofa. Za a iya korarku, kamar yadda aka kore shi. Amma makon jiya Dogo ya yi sunan 'yarsa ta fari, da ƙafarsa yake tarbar baƙi.