Jatan Landen Sadiku da Bokitin Fenti

Na shiga ɗakin ɗana Sadiku neman matacin shayina, sai na tarar da shi durƙushe gaban akwatin gilashi mai ruwa, yana kamun jatan lande da matacin. Ƙato da gemu!

Wasu 'yan mitsi-mitsi ne da ya yo odarsu daga Legas. Ba a cin su, kallo kawai ake yi. Jajayen yake bari a gilashi, koɗaɗɗun kuma ya watsa su cikin tsohon bokitin fenti a bayan ƙofa.

Na ce, "Waɗannan me suka yi maka?"

Ya ce, "Mama, ba su yi ja ba. In suka haɗu da jajayen za su ɓata iri. Tun bara nake tacewa, kaf Mubi babu mai irin nawa."

"Ba uwa ɗaya ta haife su ba?"

"Ita ce."

Yana fita masallaci na ɗauki bokitin na juye a gilashin. 'Ya'ya shida na raina, da mai ƙoƙari da daƙiƙi, duk kwano ɗaya suka ci.

Da ya dawo ya dafe kai. "Mama, kin kashe ni! Yanzu jikokinsu kalar laka za su fito!"

Na ce, "Da haka na tace nawa, Sadiku, da kai ka fara shiga bokiti."

Tun jiya ya ƙi cin tuwona, yana can yana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Iyaye mata, ku gaya mini gaskiya: in kuka ga wariya a gidanku, ko ta ƙwari ce, shiru za ku yi?